Shafi Talatin Da Biyu Na Malam Modu

Kwali talatin, kowanne da littafi ɗari, kwafi dubu uku ke nan. Su na sauke daga motar Kano a tashar Haɗeja wata rana da hantsi, ana tsakiyar damina. A cikin kwalayen nan akwai fiye da rabin jarina. Akwai sunan shagona a wurin matan gari da na ƙauyuka, waɗanda suka yi wata biyar suna aiko mini da tambaya ɗaya: na ukun ya fito? Akwai kuma amanar mutum guda, wanda ya danƙa mini rubutun hannunsa bai ajiye wani kwafi a gida ba. Zan faɗi yadda na yi da duka ukun, saboda samarin da ke wucewa ta gaban shagona su gan ni zaune a inuwa su ce sayar da littafi ba aiki ba ne, hutu ne da riba.

Ni ban gaji wannan sana'a ba. Shanun gidanmu sun ƙare tun kafin in yi wayo, mahaifina ya shigo gari ya kama sayar da igiya da tabarma. Na kai shekara ashirin da biyar kafin in je Kano in zauna a rumfar wani dattijo mai sayar da littattafai, na yi shekara huɗu a hannunsa. Abin da ya fara koya mini ba ciniki ba ne, ajiya ce. Kwali ba ya taɓa ƙasa, sai a kan katako, katakon ma a kan bulo, saboda gara tana iya cinye maka kayan shekara a mako ɗaya ba ka ji motsinta ba. Kwali ba ya jingina da bango, saboda danshi. Sai ya koya mini ɗinki: littafin haya kafin ya fita sai ka cire wayar da aka maƙale shi da ita, ka huda da basilla wuri uku, ka ɗinke da zare mai ƙwari, ka sa wa bangon leda. Littafin da aka yi wa haka zai shiga hannu hamsin ya dawo da ransa. Wanda ba a yi wa ba, hannu na biyar zai dawo maka da shi babu farko babu ƙarshe.

Abu na uku da ya koya mini shi ne duba gefen littafi. In littafin haya ya dawo, ka rufe shi ka dubi kaurinsa ta gefe. Inda aka fi karantawa ya fi baƙi. Nan za ka ga tabon man ja, nan aka lanƙwasa kusurwa, nan aka kifa shi a kan tabarma aka je aka duba tukunya aka dawo. Ya ce mai saye yana iya yi maka kara ya ce littafi ya yi daɗi, amma dattin hannunsa ba ya kara. Na dawo Haɗeja da wannan ilimi na buɗe shago, kuma na yi shekaru ina aiki da shi. Da na fara ganin na ƙware, sai na daina.

Malam Modu ya fara zuwa shagona ne a matsayin mai saye. Malamin gona ne a wajen Kirikasamma, dogo, siriri, kullum da ƙaramar rediyo a aljihun riga. Babarbare ne, ni kuma Bafulatani, don haka tun ranar farko ba mu raga wa juna ba. Yakan shigo gari ƙarshen wata, ya zauna a bencina, ya tambayi abin da ba wanda ke tambaya. Ko ina da taswirar duniya wadda ta nuna hanyoyin jirgin ƙasa? Ko na san nawa ake sayar da albasa a Kamaru? In ya ga direban babbar mota da ya dawo daga Chadi ko Nijar, sai ya saya masa shayi ya tsare shi da tambaya har shayin ya huce: me suke karyawa da shi da safe, yaya suke gaisawa, da wane itace suke banda kifi. Yana da wani gwangwanin madara cike da ƙananan zobba na ƙarfe, waɗanda masunta da maharba na fadamar Baturiya ke cirowa daga ƙafar tsuntsaye. Kowane zobe da rubutun ƙasar da aka ɗaura shi. Shi da bai taɓa wuce Maiduguri ba, sai ya zube su a kan teburina yana nuna mini a taswira inda kowace agwagwa ta taso.

Abin da ya fi cin ransa kuwa shi ne sararin samaniya. Duk shirin rediyo da za a yi maganar kumbo ko tauraron ɗan Adam, ya san ranarsa da lokacinsa.

"Ɗan Fulani," ya ce mini wata rana, "ka taɓa tambayar kanka ina alƙiblar mutumin da ke cikin kumbo yana kewaya duniya?"

Na ce, "Babarbare, ni tawa alƙiblar ga ta can bayan rumfar mai shayi. Wanda ya hau kumbo shi ya jiyo."

"Ai shi ya sa kuka bi saniya shekara dubu ba ku taɓa tambayarta ina za ta ba."

"Mun dai sha nono. Ku me kuka samu a tambaya?"

A irin wannan zama ne ya ciro littattafan rubutu na 'yan makaranta guda huɗu daga jakarsa, ya ce labari ne ya rubuta, ya sa masa suna Zoben Tsuntsuwa. Lokacin na riga na fara buga wa marubuta biyu littafi da kuɗina, ina kai wa Kano a buga, in rarraba. Na karanta nasa irin karatun da nake yi wa kowane: shafi biyar na farko, uku na ƙarshe, tsakiya kuma in riƙa tsallake. Na ga akwai saurayi masunci, akwai yarinyar da yake so, akwai mai kuɗin da ya shiga tsakani. Na ce wannan zai ci kasuwa. Na kuma lura akwai wani tsoho a ciki, Baffa, kawun yarinyar, wanda da an zauna sai ya ɓalle da labarin ƙasashe da taurari. Na ɗauke shi a matsayin Malam Modu ne ya kasa kame bakinsa ko a takarda. Tunda littafin bai wuce shafi tamanin ba, na bar masa tsohonsa.

Da na buga labarin, kashi na ɗaya ya ƙare a mako shida. Na biyu ya fi shi gudu. Masu sari daga Gumel da Malam Madori da Kaugama suka fara zuwa da kansu maimakon in aika musu. Na sa a raina soyayyar ce ke ja, domin ita na sani tana ja. Kwafin haya na littafin nan sun fi ashirin a shagona, suna fita suna dawowa kullum, ban taɓa juya ɗaya na dubi gefensa ba.

A nan sai na bayyana wani abu game da bugu, wanda mai karatu bai damu da shi ba amma shi ke kashe dillali. Injin maɗaba'a ba ya ɗaukar shafi ɗaya-ɗaya, sha shida-sha shida yake ɗauka. Littafin labari a lokacin shafi tamanin ne, wato zubi biyar. Kuma duk littattafan labari farashinsu ɗaya ne a kasuwa, ko na wane ne. Mace ta aiko da kuɗin littafi, kuɗin littafi ta aiko, ba za ka ce mata wannan ya fi kauri ta ƙaro ba. Saboda haka duk shafin da ya haura tamanin, daga aljihunka ya fito.

Na ukun ya zo hannuna a farkon damina, littafin rubutu shida maimakon huɗu. Malam Modu ya miƙo mini su a cikin leda ya ce, "Ka riƙe da kyau, Ɗan Fulani, ba ni da wani. Wannan shi ne wanda na fi wahala a kansa." Na ce masa takarda ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ya koma ƙauye. Bayan kwana kaɗan ruwa ya cika fadama ya yanke hanyarsu, kamar yadda yake yi duk shekarar da kogi ya kawo sosai. Lokacin waya ba ta kai can ba.

Mai maɗaba'ar da nake kai wa aiki a Kano ya ƙirga ganyen rubutun, ya duba ƙanƙantar hannun Malam Modu, ya ce wannan shafi ɗari da sha biyu zai ba da, zubi bakwai. Shekarar kuma takarda ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Ya ce ko in biya zubi bakwai, ko in raba littafin biyu a yi na uku da na huɗu, ko in rage. Raba shi shi ne abin da kowane dillali mai hankali zai yi, har ma ya fi riba. Amma na riga na buga a bayan na biyu cewa na uku shi ne kammalawa, kuma na ji kunyar a ce na ja wa mutane rai. Jiran hanya ta buɗe in tambayi mai littafi kuwa, wata guda ne ko fiye, ga masu sari suna damuna.

A tsaye na yi aikin, a bakin teburin mai maɗaba'a, cikin ƙarar inji. Na riƙa buɗa littattafan ina neman sunan Baffa. Duk inda ya buɗe baki ya wuce layi biyar, sai in kama ganyen in yage. Wuri biyu ne suka fi yawa. Ɗaya doguwar tafiya ce ta ƙasa zuwa Makka, ɗaya kuma zaman mutane ne a cikin kumbo. Inda yagar ta bar rami a labari, na sa biro na rubuta layi ɗaya na haɗe. Kafin azahar na sauko da shi zubi biyar cif. Na bar ganyen da na yage a kan teburin, mai buga rubutu a kwamfuta ya tambaye ni ko a ajiye, na ce masa surutu ne kawai. Har na yaba wa kaina a mota, na ce na yi wa Babarbare gyaran da ya kasa yi wa kansa.

Makon farko kwali shida suka fita, saboda sunan na ɗaya da na biyu. Mako na biyu sai shiru. Ranar da na gane akwai matsala ita ce ranar da Iya Gambo ta zo. Dillaliya ce, tana shiga gidaje da atamfa da kwanuka da turare, a ƙasan ƙullinta kuma littattafaina, ita ke kai wa matan da ba sa fitowa kasuwa. Rabin hayar da nake samu ta hannunta take biyowa. Ta sauke ƙullinta, ta zaro kwafi goma sha biyu na na ukun, ta jera mini a tebur kamar sababbi.

"Alhaji, wa ya kashe Baffa?"

Na ce, "Wane Baffa kuma, Iya? Ai yana ciki."

"Yana ciki kamar gawa a ɗaki. Ya shigo ya yi sallama, ya ce yara ku zauna in ba ku labari, sai a juya shafi a ga an tashi ana wanke-wanke. Matan unguwarmu sun ce ko dai Malam ba shi da lafiya, ko wani ne ya rubuta masa."

"To ba a yi auren ba a ƙarshe? Ba shi ake jira ba?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa. "Aure? Alhaji, wace ce a cikinmu ba ta yi aure ba? Mun san yadda yake farawa, mun san yadda yake ƙarewa. Tun a na biyu Baffa ya yi alkawarin zai faɗi yadda ya ƙetare ruwan gishiri, da yadda masu zuwa sama suke alwala in ruwa ba ya zuba ƙasa. Akwai wadda ta yi musu da mijinta a kan wannan, ta ce ya jira na uku ya gani. Yanzu me za ta nuna masa?"

Bayan ta tafi na ɗebo tsofaffin kwafin haya na na ɗaya da na biyu, na rufe su na jera, na dubi gefensu. Kowanne da baƙin layi biyu ko uku, a wuri ɗaya, kamar da ma'auni aka ja. Na buɗe wurin. Baffa ne yake bayanin ƙasar da rana ba ta faɗuwa wata da watanni, da yadda masu azumi suke yi a can. Na buɗe wani. Baffa ne yake kwatanta wa yara girman wata da nisan Haɗeja zuwa Kano sau kaza. Shafukan da saurayi ke tsara budurwa kuwa fari tas, wasu ma kamar ba a taɓa buɗe su ba. Kusan shekara guda amsar tana kan kantata.

Washegari na hau motar farko zuwa Kano. Na tambayi mai maɗaba'a ganyen da na bari. Ya kira ma'aikatansa, aka duba ƙarƙashin tebur, aka zazzage buhunan shara biyu. Wani daga cikinsu ya ce takardun da ke kan teburin nan ai tun makon da aka yi aikin aka goge tawadar inji da su. Mai maɗaba'a ya ce, "Alhaji, kai da bakinka ka ce surutu ne." Ban yi masa musu ba, domin haka na ce.

Malam Modu ya iso bayan kwana tara, ya yi rabin hanya a kwalekwale, wandonsa da laka har gwiwa. Ya shigo yana dariya.

"Ɗan Fulani, an ce ɗana ya fito ban gan shi ba. Miƙo shi nan."

Na miƙa masa. Na so in fara magana ya ɗaga mini hannu, ya zauna a benci, ya auna littafin a tafinsa tukuna, sannan ya buɗe. Na sallami masu saye uku yana karatu. Na ga ya je wani wuri ya tsaya, ya koma baya, ya sake dawowa. Ya karanta layin da na rubuta da birona, wanda yanzu ya zama bugu da sunansa a kai. Ya rufe littafin ya ɗora a gwiwa.

"Alhaji Buba," ya ce. Tunda muka saba bai taɓa kirana da sunana ba. "Ina sauran?"

Na gaya masa komai yadda ya faru, ban rage ba, ban ɗora wa tsadar takarda ko ruwan da ya yanke hanya ba. Na ce zan sake bugawa da kuɗina, zubi bakwai ko takwas, in ya sake rubuta abin da ya ɓata.

Ya ce na kumbon zai iya gwadawa, ko da yake shekara uku ya yi yana tsintar sa a rediyo yana rubutawa a gefen takardun aiki, takardun kuma ya zubar bayan ya kwafe. Amma tafiyar Makka ba tasa ba ce. Wani tsoho ne a ƙauyensu, tela, wanda ya tafi da ƙafa yana saurayi ta Chadi da Sudan, ya yi shekara bakwai kafin ya dawo. Wata uku Malam Modu ya yi yana zuwa wurinsa bayan la'asar, tsohon na faɗa yana rubutawa kai tsaye a cikin littafin, da sunayen garuruwa da rijiyoyi da mutanen da suka mutu a hanya. Tsohon ya rasu kafin ruwan shekarar ya sauka.

"Amma kai ka karanta," ya ce. "Kafin ka yage ai ka karanta. Faɗa mini abin da ka tuna, in rubuta."

Ya ciro biro da takarda, ya gyara zama, yana kallona. Na yi iya ƙoƙarina. Na ce akwai raƙumi. Na ce akwai wani gari da suka zauna suka yi noman auduga don su sami guzuri, amma sunan garin ya ɓace mini. Na ce ina jin akwai wata mata da ta haihu a jirgin ruwa. Ya rubuta waɗannan ukun, layi uku, ya jira. Babu na huɗu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu tare da rediyonsa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ɗauki kwafi ɗaya ya tafi. Kwafi hamsin ɗin da ke haƙƙinsa na marubuci bai taɓa aikowa a ɗauka ba.

Bayan wata biyu ya kawo mini ganye shida a kan zaman kumbo, ya ce in karanta a gabansa, a zaune. Na karanta. Ya tambaye ni ya na gani, na ce ya yi kyau. Ya ce, "Bai yi ba. Wancan na rubuta shi ina mamaki, wannan na rubuta shi ina ƙoƙarin tunawa." Ya karɓe abinsa. Maganar sake bugu ta mutu a nan.

Ga yadda lissafin ya tsaya. A cikin dubu ukun, abin da ya shiga hannun masu karatu ya zauna bai kai ɗari bakwai ba. Masu sari sun dawo da nasu, na karɓa duka, domin in ka ƙi karɓa sau ɗaya ba za su sake ɗaukar kayanka ba. Sauran sun yi shekara biyu a kan katako ina kare su daga gara, daga baya na sayar da su a kan sikeli ga masu kifi, suka riƙa naɗe banda da su. Sai da na yi shekara uku kafin in sake iya buga littafin wani. Iya Gambo ba ta daina ɗaukar kayana ba, amma duk sabon littafi sai ta tambaye ni a gaban mutane ko na sa masa hannu.

Malam Modu ya rubuta littafi tara bayan wannan, wani dillali a Kano ya buga su duka, ni kuma na riƙa sarowa kamar kowa ina sayarwa. Yanzu ya yi ritaya, rubutunsa ta waya ake karantawa, har iyalina suna bi. Yana zuwa shagona har gobe, ya koma kirana Ɗan Fulani, a wurina yake sayen biro da littafin rubutu, kuma makon jiya ma ya tsare ni da bayanin wata na'ura da aka sauke a duniyar Maris tana haƙa ƙasa. Rubutun hannunsa dai bai sake kwana a shagona ba, ko na dare ɗaya. Jarin ya dawo, masu saye sun dawo. Shafi talatin da biyun nan kuwa, ban da mai su, ni kaɗai na taɓa karanta su a duniya, ni ma a tsaye, ina neman inda zan yaga.